Dorina a kan kwalta: me ya sa ake harbe dabbar da ta kufce daga gidan zu?

Abban_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare ƙanena ya turo min hoton wata ƙatuwar dorina a tsaye a kan kwalta, laka ko'ina, mutane sun kewaye ta, an rubuta a ƙasa wai Maiduguri ce bayan ambaliya. Ni dai ban ga alamar Maiduguri ba, don duk mutanen farare ne, ko mai hula ɗaya babu. Da na bincika ashe Tibilisi ce, babban birnin ƙasar Jojiya, a watan Yunin 2015. Ruwa ya fasa gidan zu ɗinsu cikin dare, dabbobi suka bazu cikin lambun shaƙatawa da ke kusa da kuma titunan gari. Har ƙarfe ɗaya ina karatu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, dorinar allurar barci aka harba mata ta rayu, amma zakuna da kyarketai bindige su aka yi. To tunda akwai allurar, don me za a kashe? Dabbar nan ba ita ta kai kanta keji ba, ba kuma ita ta fasa katanga ba.

Sadiq_Hausawa: Wa alaikumus salam. Malam Abba, da alama ba ka taɓa kwana zaki na yawo a unguwarku ba. Mu da muke bayan gidan zu na Kano mun ɗanɗana a Oktoban 2019. Wallahi ranar ko Asuba a ɗaki na yi, kuma ba ni kaɗai ba, don liman ya ce sahu ɗaya bai cika ba. A lokacin da za ka tambaye ni, cewa zan yi a kawo igwa ma.

Maman_Twins: Amma ai wancan zakin bai fito gari ba ko? Ni na ji a cikin harabar gidan ya tsaya.

Sadiq_Hausawa: Haka ne Hajiya, bai fito ba. Wajen awaki ya faɗa ya yi walima, sai da aka kwana biyu ana fama kafin ya koma keji. Amma mu a lokacin wa ya san inda yake? Wannan ya ce an gan shi a Gandun Albasa, wancan ya ce a Shagari Kwatas. Kare ya yi haushi sai ka ji an rufo ƙofa.

Likitan_Shanu: Bari in sa baki tunda aikina ne, duk da ni shanu da dawaki na fi yi wa. Mutane suna ɗauka allurar barci kamar a fim take, a harba, dabba ta zube nan take. Ba haka ba ne. Maganin cikin tsoka yake shiga, sai ya bi jini ya kai ƙwaƙwalwa, kuma ga babbar dabba kamar zaki wannan yakan ci minti biyar zuwa goma sha biyar. A wannan tsakanin dabbar ta ji zafin soka, ranta a ɓace yake, ƙafafunta kuma lafiya lau. Ku lissafa inda zaki zai kai a minti goma a cikin unguwa.

Na biyu, dabbar da ta firgita jikinta yakan yi gardama da maganin. Abin da zai kwantar da ita tana kwance cikin kejinta ba lallai ya kwantar da ita ba bayan ta sha gudu ana binta da ihu. In ka ƙara da yawa kuma numfashinta ya tsaya, ka kashe ta da hannunka. Ga shi da nauyin jiki ake auna maganin, kai kuma da ido kake kintata, cikin duhu, daga nesa.

Na uku, bindigar allura ba ta cin nisa, dole ka matso. Kuma allura ɗaya take ɗauka, in ka kuskure sai ka tsaya ka sake ɗurawa. Ga zaki ana haɗa ketamin da wani maganin kwantarwa. Ga giwa da karkanda akwai wanda ake kira M99, wanda ɗan ɗigonsa in ya shiga jikin mutum zai iya kashe shi, shi ya sa ba kowa ake bari ya riƙe shi ba. Ɗan sandan da aka kira ƙarfe biyun dare ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ke kafaɗarsa shi zai yi aiki da shi.

Abban_Ilham: Na gode Likita, na ƙaru. To amma ita dorinar fa? Ai ta fi zaki haɗari in ji masana.

Dan_Yauri77: Wannan gaskiya ne. Mu a bakin Neja ba kada muke tsoro ba kamar dorina. Ta kife kwalekwale, ta cinye gonar shinkafa a dare ɗaya, in ta ritsa ka tsakaninta da ruwa kuma sai dai addu'a. Da na ga hoton nan mutane suna tura ta da hannu kamar saniyar da ta ƙi shiga mota, na ce waɗannan ba su san dorina ba.

Likitan_Shanu: Sai bayan allurar ta fara kama ta suka matsa ai. Kuma yanayin ya taimaka: gari ya waye, ana ganinta sarai, tana tsaye wuri ɗaya tana cin ganyen bishiya, ba farauta take yi ba, ga ma'aikatan da suka san ta a wurin. Dabba mai irin wannan girman ba ta ɓuya a lungu. Damisa kuwa in ta shige wani kango, ba ka ganinta sai ta gan ka.

Tarihi_Madubi: Bari in ɗan cike labarin Tibilisi, don abin ya fi hoton dorina nauyi. A daren 13 ga Yuni 2015 aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta zaftare daga kan tudu ta toshe wani ƙaramin kogi mai suna Vere. Ruwa ya taru a baya, da ya ɓalle sai ya gangaro da laka da itatuwa da motoci. Shi kuma gidan zu ɗin, wanda aka kafa tun 1927, a cikin kwarin kogin yake zaune, daf da lambun Mziuri inda iyalai suke kai yara wasa. Mutum kusan 20 suka rasu, uku daga cikinsu ma'aikatan gidan zu ne. Cikin dabbobi wajen 600, kusan rabi sun tafi, kuma mafi yawansu ruwa ne ya ci su a cikin keji, ba harsashi ba. Dorinar sunanta Begi, namiji ne ma, a kusa da Dandalin Jarumai aka same ta.

Abin da ya fi tayar da hankali ya zo ne ranar 17 ga wata. An riga an gaya wa jama'a cewa an gama lissafin manyan dabbobi masu cin nama, mutane sun saki jiki sun fito aiki. Sai wata farar damisa da ta kwana huɗu ɓoye a wani tsohon sito ta faɗa wa wani ma'aikaci ta kashe shi. Nan aka harbe ta. To Malam Abba, ka ga inda matsalar take: ba a ma san adadin abin da ke waje ba.

Ummu_Khalil: Inna lillahi. Mutum ya tsira daga ambaliya ya fita neman abinci, ajali na jiransa a sito.

Gyara_Kayanka: Malam Tarihi, ƙaramin gyara. Wannan ba damisa ba ce irin tamu mai ɗigo-ɗigo. Mai ratsi-ratsi ce ta Asiya, taiga, wadda ta fi zaki ma girma. Hausa ce ba ta raba su ba don ba mu da ita a dajinmu.

Tarihi_Madubi: Na karɓi gyara. Taiga ce.

Baba_Gana_Yerwa: Tunda an ambaci garinmu bari in yi magana. Hoton dorina ƙarya ne, amma abin da ya same mu ba ƙarya ba ne. Madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo mana cikin dare, wayewar garin 10 ga Satumba 2024 rabin Maiduguri na cikin ruwa. Rabonmu da irinsa tun 1994. Ni a Gwange nake. Na ɗora ƙaramar 'yata a wuya, matata na riƙe da rigata ta baya, ruwa iya ƙirji, muna laluben hanya da ƙafa. Muna cikin haka wani yaro a kan katanga ya ɗaga waya ya ce an sanar kadoji da macizan gidan zu na Sanda Kyarimi sun fito. Wallahi daga lokacin duk abin da ya taɓa min ƙafa, leda ce ko reshe, sai na ji raina ya fita. Wani dattijo a gabanmu tsohuwar taya ce ta gifta shi, ya saki buhun da ke kansa ya yi ta salati. Babu wanda ya yi dariya.

Hukumar gidan ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu. Jimina kuma kowa ya ga hotonta tana ratsa titi cikin ruwa. A daren nan katangar gidan yari ma ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. To ka ga gari ɗaya, ana neman yara, ana neman fursunoni, ana neman kada. Wa zai tsaya auna allura?

Maman_Twins: Allah Ya mayar da alheri Baba Gana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Baba_Gana_Yerwa: Amin Hajiya, na gode. In faɗi gaskiya kuma, macizan da muka tarar a ɗaki bayan ruwa ya janye ban yi zaton na gidan zu ba ne. Na daji ne ruwa ya koro su. Amma a lokacin kowane maciji na gidan zu ne a bakin mutane.

Kwamared_Sani: Duk kuna ta zagaye-zagaye. Tibilisi a kwarin kogi, namu a tsakiyar gari. Wa ya ce a ajiye zaki a inda mutane suke kwana? A kwashe su a kai daji kawai, magana ta ƙare.

Sadiq_Hausawa: Kwamared, ba zaki ne ya zo cikin gari ba, gari ne ya je ya same shi. Lokacin da Gwamna Audu Bako ya gina gidan zu a farkon shekarun 1970, wajen nan bayan gari ne. Mahaifina yana cewa gonaki ne zagaye da shi. Mu muka bi shi da gine-gine har muka sa shi a tsakiya. An yi maganar mayar da shi Tiga zamanin Ganduje, ka ga irin surutun da aka yi, don kowa ya san idon wasu a kan filin yake.

Dan_Yamai: Mu ma nan Yamai gidan Muze na Boubou Hama cikin tsakiyar gari yake, ga zakuna ga dorina, ranar salla ba ka samun wurin taka ƙafa. In aka kai shi nesa talaka ba ya zuwa, yaro ya girma bai taɓa ganin zaki ba sai a waya.

Oga_Barkwanci: Ni tambayata ɗaya ce. Goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano a 2019, shi allurar barci aka yi masa ko harbe shi aka yi?

Gyara_Kayanka: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Ai gwamna da kansa ya fito ya ce babu goggon biri a gidan.

Oga_Barkwanci: To ka ga ya tsere kenan, da kuɗin.

Malama_Hadiza: Ku bar wasa, maganar Malam Abba tana da tushe a addini. Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya kulle dabba, haƙƙinta ya hau wuyansa. Na taɓa kai ɗalibaina wani gidan namun daji, ba zan faɗi sunansa ba. Kurar da muka gani haƙarƙarinta a waje, kwanon ruwanta ya bushe har ya tsage, ƙofar kejin kuma da waya aka ɗaure ta, irin wadda muke shanya a kai. Na nuna wa ma'aikacin, ya ce "Hajiya ai ba ta da ƙarfin fita." Na tattara yarana muka bar wajen. Ranar da kurar nan ta fita aka harbe ta, za a ce ta yi ɓarna, alhali tun kafin ta fita aka zalunce ta.

Abban_Ilham: Yawwa Malama, abin da nake nufi kenan. A Jos ma a Disambar 2015 zaki ya fita daga gidan namun daji, ƙarshenta harbe shi aka yi. Kullum dabbar ce take biyan kuɗin sakacin mutum.

Tsohon_Soja_Mada: Ɗana, ina jin ka, amma bari in gaya maka yadda abin yake ga mai riƙe da bindiga. In aka turo ka, ba a tambayarka laifin wa. Yara za su fito makaranta ƙarfe bakwai, kai kuma kana da daren nan kaɗai. In ka jira likita zakin ya taɓa yaro ɗaya, kai za a tsine wa har jikokinka. In ka harbe, a zage ka kwana uku a Facebook a manta. Kowa ka ba shi wannan zaɓin ka san abin da zai ɗauka. Mai sakaci a kama shi daga baya, wannan daban.

Kwamared_Sani: "Daga baya" ɗin ne ba ya zuwa, ranka ya daɗe.

Hafsat_Ohio: Abin da Baba Soja ya faɗa shi ya faru a jihar da nake zaune, Ohio ta Amurka. A garin Zanesville, ranar 18 ga Oktoba 2011, wani mutum da ke tara namun daji a gonarsa ya buɗe kejinansu da yamma sannan ya kashe kansa. Dabbobi 56 yake da su. 'Yan sanda suka kashe kusan 50, ciki har da taiga 18 da zaki 17. An rufe makarantu, an sa allunan gargaɗi a babbar hanya cewa kowa ya zauna cikin mota. Kuma an gwada allurar: washegari wata likitar dabbobi ta harba wa wata taiga, maimakon ta kwanta sai ta yo kanta, dole aka bindige ta. Nan fa Amurka ce, akwai kayan aiki, akwai ƙwararru. Abin da ya biyo baya shi ne a 2012 jihar ta yi dokar da ta hana mutum ya sayi irin waɗannan dabbobi ya ajiye a gida yadda ya ga dama.

Likitan_Shanu: Kin ga misalin da nake nema. Na gode 'yar'uwa.

Maman_Twins: A gida?! Mutum ya ajiye zaki 17 a gida? Mu nan gardi ya shigo unguwa da kura ɗaya da takunkumi a baki muna ta salati.

Tarihi_Madubi: Tunda da hoton ƙarya aka buɗe zancen, ku sani ba yau aka fara ba. Ranar 9 ga Nuwamba 1874 jaridar New York Herald ta cika shafi guda da labarin cewa dabbobin gidan zu na lambun Central Park sun ɓalle, sun kashe mutum 49, sun raunata 200, wasu na nan suna yawo. Mutane suka kulle gidaje, wasu suka fito da bindigogi. A can ƙarshen labarin ne aka rubuta cewa duk ƙirƙira ce, wai don a ja hankali kan raunin kejinan. Waɗanda suka karanta har ƙasa ba su da yawa.

Oga_Barkwanci: Ashe 'yan "tura wa mutum goma" suna da kakanni.

Hafsat_Ohio: A Jamus ma a Yulin 2023 an kwana ana neman zakanya a gefen Balin saboda wani ɗan bidiyo na dare, da jirage masu saukar ungulu da komai. Ƙarshe aka ce aladen daji ne.

Zee_Kaduna: Ni wani ɓangaren nake tunani. Ko da ba a harbe ba, dabbar da ta tashi a keji za ta iya rayuwa a waje? A wannan Central Park ɗin dai, a Fabrairun 2023 wani ya yanke wayar kejin wata babbar mujiya mai suna Flaco. An yi ta ƙoƙarin kama ta abin ya gagara, aka ƙyale ta. Ta koyi kamun ɓera da kanta, mutane suna zuwa da kyamara suna murna wai ta samu 'yanci. Shekara ɗaya ta yi, a Fabrairun 2024 ta yi karo da gini ta mutu, da aka duba gawarta aka samu gubar ɓera da cutar da ta ɗauka daga tantabarun da take ci. To wannan 'yanci ne ko me?

Malama_Hadiza: Shekara ɗaya tana tashi sama da fukafukanta, bayan fiye da goma a keji. Ni ban san amsar ba wallahi.

Dan_Yauri77: Mujiya ce shi ya sa aka bar ta. A garinmu ma da jifa za a kore ta, a ce mayya ce.

Abban_Ilham: Likita, in dawo kan tambayata. Na yarda in dare ne, ko dabbobi da yawa, ko cikin unguwa, babu yadda za a yi. Amma irin na Kano da zaki ɗaya ne kuma yana cikin katanga, ai an yi haƙuri an same shi da rai. Kenan ana iyawa.

Likitan_Shanu: Ana iyawa in katanga ta biyu tana nan. Sirrin kenan. Gidan zu na ƙwarai ƙofa biyu yake yi wa kowane keji, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, sannan ga katangar harabar gaba ɗaya. In dabba ta wuce ta farko, ta biyu ce take saya maka lokacin da allura take buƙata. Sai kuma a ce akwai bindigar allurar a gidan, maganin bai lalace ba, wanda ya iya harbawa yana kusa, kuma an taɓa yin atisaye. A Japan har mutum suke sa wa kayan dabba ya yi ta gudu ma'aikata suna binsa da raga. Abin dariya ne a ido, amma ranar da ta ɓaci kowa ya san inda zai tsaya. Ambaliya kuwa duka katangun biyu take ɗauka lokaci guda, shi ya sa Tibilisi da Maiduguri lissafinsu daban ne.

Tsohon_Soja_Mada: Kuma a Kano awaki ne suka biya. Da babu awakin nan ya ƙoshi ya kwanta, da wani labarin ake yi.

Tarihi_Madubi: Wani abu da na manta. A Tibilisi akwai fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, da ruwa ya tafi da shi, aka tsince shi da rai a kusa da iyakar Azarbaijan, tafiyar kilomita wajen 60. An dawo da shi gida. Gidan zu ɗin kuma an sake buɗe shi a watan Satumba na shekarar, a wurin da yake.

Kwamared_Sani: A cikin kwarin dai? To Allah Ya kyauta.

Baba_Gana_Yerwa: Kwamared, mu ma ai gidajenmu muka koma, a inda ruwan ya same mu. Ina za mu je?

Maman_Twins: Ni dai yaran nan sun dame ni sai na kai su gidan zu da salla. Yanzu kun sa min tsoro. Likita, wace ƙofar zan fara dubawa in mun shiga?

Oga_Barkwanci: Ta fita, Hajiya.